Yadda mawaƙin gambara zai shiga fim, bisa sawun Ice Cube

Yaro in waƙarsa ɗaya ta yi tashe, ba a rufa wata uku za ka ji ya fara zancen fim. Ni haɗa sauti ne sana'ata, na waƙa da na fim duk ta teburina suke bi, saboda haka na sha jin wannan zance, na kuma ga inda yake ƙarewa ga mafi yawansu: fitowa biyu ko uku a fim ɗin wani, da baƙin tabarau da sarƙa a wuya, a ba shi kuɗin mai, shi ke nan an gama da shi. In kai ma abin yana ranka, ƙanena, mutumin da nake so ka zauna ka karanci tafiyarsa shi ne Ice Cube na Amurka. A gaban kyamara Will Smith da Queen Latifah, waɗanda su ma daga gambarar zamani suka fito, sun fi shi nesa ba kusa ba. Na zaɓe shi ne domin da alƙalaminsa ya shiga harkar, kuma alƙalamin nan kai ma kana da shi tunda kana rubuta baiti.

Sunansa na yanka O'Shea Jackson, an haife shi a 1969 a Los Anjelis ta jihar Kalifoniya, ya tashi a yankin South Central. Ya yi ɗan karatun zanen gine-gine a garin Phoenix kafin ya dawo ya riƙe waƙa gadan-gadan a ƙungiyar N.W.A, tare da Eazy-E da Dr. Dre da MC Ren da DJ Yella. Shi ne ya rubuta baitoci masu yawa a kundinsu Straight Outta Compton, har da wasu da ake ji a bakin Eazy-E.

Takarda kafin kyamara

Abu na farko da za ka koya a wurinsa ko kusa bai shafi fim ba. A ƙarshen 1989, yana ɗan shekara 20, ƙungiyar tana tsakiyar tashe, ya fice saboda saɓani kan kuɗi da yarjejeniya tsakaninsa da kamfanin Ruthless da manajansu Jerry Heller. Ya tattara ya tafi Niyok wurin Bomb Squad, masu yi wa ƙungiyar gambara ta Public Enemy kiɗa, ya fito da kundinsa na kansa a 1990, ya sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya. Wanda ya iya ajiye biro a wannan shekarun ya ce sai ya fahimci abin da ke cikin takarda, shi ne daga baya ya iya zama da manyan kamfanonin Holiwud.

To kai ma fara daga nan. Duk takardar da aka miƙo maka, ta waƙa ce ko ta fim, ka tafi da ita gida ta kwana. Ka kai wa lauyan da kai ka biya, ko da kuwa sai ka ci bashi, domin lauyan kamfani kamfani yake wa aiki. Ka tambaye shi wa zai mallaki aikin bayan an gama, nawa ne kasonka kuma daga wane kuɗi za a cire shi, wanda ya shigo ko wanda ya rage bayan sun zare abin da suka kashe, sannan shekara nawa takardar za ta ɗaure ka. In kuwa babu takardar ma sam, an ce maka ai mu 'yan'uwa ne, to kai ka rubuta ta a fallen takarda ɗaya, ku sa hannu gaban shaidu. Wanda hakan ya ɓata wa rai ka gode wa Allah da ya nuna maka shi da wuri.

Rol ɗinka na farko

John Singleton yana ɗalibin koyon fim ya haɗu da Ice Cube a bayan fagen shirin talabijin na Arsenio Hall, ya ce masa yana da labarin da ya dace da shi. An ɗauki lokaci kafin abin ya tabbata. Fim ɗin shi ne Boyz n the Hood na 1991, kuma sunan ma daga waƙar da Ice Cube ɗin ya rubuta wa Eazy-E aka ɗauko shi. An kashe dala miliyan 6 da rabi, ya kawo fiye da miliyan 57, Singleton kuma ya shiga takarar Oscar ta darakta yana da shekara 24, mafi ƙuruciya a tarihin wannan rukuni kuma baƙar fata na farko.

Lura da kyau: ba Ice Cube ne jarumin fim ɗin ba. Cuba Gooding Jr. ne a gaba, Laurence Fishburne ya fito a uba. Shi Ice Cube aka ba shi rol ɗin Doughboy, yaron unguwa mai shiga kurkuku yana fita, mutumin da ya san irinsa tun yana ƙarami. Nauyin fim ɗin ba a wuyansa yake ba, yana zagaye da waɗanda suka fi shi sanin aikin, daraktan kuma ɗan yankinsu ne da ba ya buƙatar a yi masa bayanin yadda ake zama a ƙofar gida. Irin wannan rol za ka nema. In furodusa ya ce zai sa ka jarumi a fim ɗinka na farko, mabiyanka na Instagram yake so, kuma in fim ɗin ya faɗi sunanka za a kira.

Nemi fim ɗin ka kalli sin na ƙarshe, da safe, bayan an kashe ɗan'uwan Doughboy shi kuma ya ɗauki fansa. Yana zaune a bakin ƙofa da abokinsa, yana ba shi labarin ya kunna talabijin ya ga ana ta kawo rahoton tashin hankali a ƙasashen waje, amma ba wanda ya ambaci ɗan'uwansa. Wannan mutum ne da duniya ta sani da tsawa a makirufo, amma a nan muryarsa ƙasa-ƙasa take, hannayensa ba sa yawo, idonsa bai nemi kyamara ba ko sau ɗaya.

Waɗannan ukun su ne ciwon mawaƙi a lokeshan, kuma ni da nake zama da sautin daga baya ina jin su tun kafin in ɗaga kai in ga hoton. Mawaƙin gambara ya saba dukan ƙarshen layi, saboda a nan amsa-amo yake. Sai a ba shi magana mai sauƙi kamar "Baba ya ce ki zo," ya dake "zo" ɗin kamar ganga na jiransa. Akwai wani yaro mai baiwa da na yi aikin sautinsa, duk lokacin da abokiyar wasansa take magana sai in ji ƙaramin motsin leɓe a makirufonsa: nasa layin yake maimaitawa yana jiran ta yi shiru, bai ji ko kalma ɗaya daga bakinta ba. A bidiyon waƙa kuwa an koya maka ka zuba wa kyamara ido ka nuna ta da yatsa, a fim wannan laifi ne.

Maganinsa ba ya cin kuɗi. Jingine wayarka a kan taga, ka zauna da abokinka ku yi hirar gaske, ta bashi ko ta neman aure, minti biyar. Sai ka kalla ba sauti, ka ga abin da hannunka da girarka suke yi. Sannan ka saurara ba hoto, ka ji inda kake dukan kalma. Ka riƙa karanta layin abokin wasanka fiye da naka, domin abin da fuskarka take yi lokacin da kake shiru shi edita yake nema. Ranar ɗauka kuma kada ka koma mota ka kwanta tsakanin sin da sin. Tsaya bayan darakta ka ga me ya sa ake maimaita magana ɗaya daga kusurwa uku, me ya sa kofin da ka riƙe da dama ba zai koma hagu ba, nawa ake kashewa a yini, wa yake biyan wa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wannan makaranta ce da ake biyan ka kana koyo.

Rubuta naka, ka rubuta shi da araha

Nan ne zuciyar maganar. Singleton ne ya zuga Ice Cube da cewa mai iya rubuta waƙa mai ba da labari zai iya rubuta fim. Ya zauna da abokinsa DJ Pooh suka rubuta Friday, wanda ya fito a Afrilun 1995. Dalilinsa, kamar yadda ya sha faɗa, shi ne fina-finan lokacin sun mayar da unguwarsu wurin bindiga da makoki kaɗai, alhali su da suka tashi a ciki sun san ana dariya har da hawaye.

Dubi yadda aka gina shi. Yini ɗaya ne, Juma'a, daga safe zuwa dare. Titi ɗaya ne, kuma yawancin fim ɗin mutum biyu ne zaune a barandar gida suna kallon masu wucewa. Craig, wato rol ɗin Ice Cube, an kore shi daga aiki a ranar hutunsa. Abokinsa Smokey ana bin sa dala 200, kuma an ba su zuwa ƙarfe 10 na dare su biya ko su kuka da kansu. Akwai ƙaton unguwa mai ƙwace wa mutane keke da sarƙa, wanda kowa ya san sai an yi karon-batta da shi kafin gari ya waye. Iyakarta ke nan. Da kwana 20 aka ɗauke shi, a kan kusan dala miliyan 3 da rabi, wanda a Holiwud kuɗin cefane ne, ya kuma kawo fiye da miliyan 27 a sinima kafin a zo maganar kaset.

Fim ɗin cike yake da shaye-shaye da ashar, ba ina cewa ka kwaikwayi wannan ba, ko ka kwaikwaya ma hukumar tace fina-finai da mutanen gidanku sun ishe ka. Ginin za ka ɗauka. Kafin ka rubuta layi ɗaya, ɗauki takarda ka jera wuraren da za a ba ka kyauta: ƙofar gidanku, shagon ɗan'uwanka, majalisar da kuke zama. Labarin ya tsaya a nan. Ba shi wa'adi, wato wani abu da dole ya faru kafin wani lokaci, domin wa'adi ne yake riƙe mai kallo a kujera lokacin da ba ka da kuɗin fasa mota. Duk sin da ya buƙaci sabon wuri, ko dare, ko taron jama'a, ka tambayi kanka ko za a iya ba da labarinsa da baki a barandar. Mutanen cikin labarin kuma ka ɗebo su daga waɗanda ka sani, ka sauya musu suna da kama, domin maganar da ka ji da kunnenka ta fi wadda za ka ƙirƙira daɗi.

Sai abin da ya fi wa mawaƙi wuya, wato barin wani ya haska. Ice Cube shi ya rubuta, shi ne sunan da ke sayar da fim ɗin, amma dariyar ya bar wa Chris Tucker da John Witherspoon, shi ya tsaya a mai murtuke fuska da ake yi wa shirme a gefe. DJ Pooh ma da farko shi aka shirya zai yi Smokey, da aka ga Tucker ya fi dacewa sai ya koma ƙaramin rol. Darakta kuwa F. Gary Gray ne, wanda bai taɓa yin dogon fim ba, amma ya yi wa Ice Cube bidiyon waƙa, kuma a titin da shi Gray ɗin ya tashi aka yi ɗaukar. Yaron da yake ɗaukar maka bidiyo yanzu, wanda ya san ta wane gefe fuskarka take kyau kuma ba ya jin nauyin ce maka ka sake, ka tafi da shi. Bayan shekara 20 Gray ɗin nan ne ya ba da umarnin fim ɗin tarihin N.W.A na 2015, wanda ya haura dala miliyan 200.

Kada kuma ka manta da abin da ka fi 'yan fim da shi. Kundin waƙoƙin Friday ya hau lamba ɗaya a jerin Billboard na kundayen da suka fi sayuwa a Amurka, yana tallata fim ɗin a rediyo. Kai ma ka tabbata waƙar fim ɗinka ta riga shi fita da makonni.

Inda shi ma aka kama shi

Duk wayon nan nasa, Friday ba nasa ba ne. Kamfanin New Line ne ya zuba kuɗin, haƙƙin mallaka yana hannunsu da uwar kamfaninsu Warner Bros. An yi na biyu a 2000, na uku a 2002, sannan na huɗu ya maƙale fiye da shekara 20. Ya sha fitowa fili yana ƙorafi cewa ya rubuta an ƙi karɓa, kuma ba shi da ikon ɗauka ya kai wani wuri. Ana cikin wannan ja-in-ja John Witherspoon ya rasu a 2019, Tiny Lister da ya fito a ƙaton unguwar ya bi shi a 2020. Mutum ya haifi labari da mutanen cikinsa, amma sai ya nemi izini kafin ya sa su magana. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

A wurinka wannan magana ta fi sauƙin gyarawa, kuma ta fi saurin ɓaci. In shiri mai dogon zango za ku yi a YouTube, da imel ɗin wa aka buɗe tashar? Lambar wayar wa ce a jiki? Asusun wa kuɗin yake shiga? Sunan shirin da sunayen taurarin cikinsa na waye in kun rabu? Na ga abota ta shekaru ta mutu a kan kalmar sirri. In wani ne ya kawo kuɗin, ba laifi ya ɗauki kaso mai tsoka a zangon farko, har ya mayar da uwar kuɗinsa da riba. Abin da ba za ka saki ba shi ne ikon ci gaba da labarin: a rubuta cewa in bai zuba kuɗin zango na gaba ba cikin lokaci kaza, labarin ya dawo hannunka.

Shi kuwa Ice Cube, ya kafa kamfaninsa na shirya fim, Cube Vision, tare da Matt Alvarez, ya koma yana shiga fina-finai a matsayin furodusa. Ya gwada kujerar darakta a The Players Club a 1998, bai sake ba da umarnin wani fim na ƙirƙirarren labari ba. Gwada kowace kujera sau ɗaya, ka san wadda ta dace da kai.

San iyakarka

In ka jera fina-finansa za ka ga wani abu. Inda aka ɗauko shi aka ɗora a babban fim ɗin wasu ya zama gwarzon faɗa, abin bai cika kyau ba: Ghosts of Mars na 2001 ya kawo kusan rabin abin da aka kashe, xXx na 2005 da ya gaji Vin Diesel shi ma bai mayar da kuɗinsa a sinima ba. Inda kuwa kuɗin ya zama matsakaici, labarin na mutanen da ya sani ne, kuma kamfaninsa yana ciki, sai riba. Barbershop na 2002, yini ɗaya a shagon aski a Shikago, dala miliyan 12 aka kashe ya kawo sama da 75. Ride Along na 2014 miliyan 25 ya ci, ya haura 150, kuma dabarar ita ce dai ta 1995: shi yana haɗe rai, Kevin Hart yana zuba surutu. A ganina fuska ɗaya gare shi, amma ya san kuɗinta, ya kuma san wa zai ajiye kusa da ita.

A 2005 ya yi Are We There Yet?, fim ɗin yara da iyali, tsofaffin masoyansa suka yi ta yi masa ba'a cewa damisa ta koma kyanwa. Ni ban ga abin kunya ba. Waɗanda suka saurare shi a 1990 sun zama iyaye, suna neman abin da za su kalla da 'ya'yansu. Naka masoyan ma za su girma, ka shirya musu. Abin lura ma shi ne yadda ya mayar da fim ɗin shirin talabijin a tashar TBS daga 2010: aka gwada kashi 10, da suka karɓu aka ba da odar 90 a lokaci guda, ya bar wa Terry Crews jarumtar, shi ya koma baya yana leƙowa jefi-jefi. Wannan ne lokacin da kuɗi ya fara shigowa ba sai ya tsaya a rana ba.

Duk da haka bai saki makirufo ba. A 2006 ya fitar da kundi a ƙarƙashin kamfaninsa Lench Mob, har yau kuma yana hawa dandamali. Kai ma kada ka yi shekara ba sabuwar waƙa saboda kana lokeshan, domin ranar da 'yan fim suka ji an daina jin ka a shagunan caji da cikin a-daidaita-sahu, farashinka ya sauka.

Maganar dangi kuwa, tunda dole za ta taso: ɗansa O'Shea Jackson Jr. ne ya fito a matsayinsa a fim ɗin 2015, amma sai da ya shafe kusan shekara biyu yana karɓar horo da gwaji kafin a ba shi. In ƙaninka ko abokinka yana son rol, ya zo gwaji kamar kowa, kuma wani ne zai yanke hukunci, ba kai ba.

Fita daga fim ɗin ma gaba ɗaya

A 2017 shi da Jeff Kwatinetz suka kafa BIG3, gasar ƙwallon kwando ta mutum uku-uku a rabin fili, da tsofaffin 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, irin su Allen Iverson, har da wani jifa mai maki 4 da babu shi a NBA. An buɗe ta a Brooklyn a watan Yuni, lokacin da NBA take hutu kuma tashoshin wasanni suke neman abin nunawa. Nancy Lieberman ta horar da ƙungiyar da ta ci kofi a 2018, Lisa Leslie ta yi haka a 2019, mata suna jagorantar ƙungiyoyin maza.

Wannan mataki ba na yanzu ba ne a gare ka, na kawo shi ne don kada ka fara da shi. Yana da shekara 47 ya taka shi, da abokin hulɗa da ya daɗe a harkar nishaɗi, a kan wasan da yake kallo tun yana yaro, kuma a gurbin da ya ga babu kowa. Ko da hakan, annobar korona ta sa an soke kakar 2020 ɗungurungum, sai 2021 aka dawo. Duk harkar da za ka buɗe a wajen waƙa da fim, gidan kallo ne, gasar ƙwallon unguwa ce ko tashar rediyo ta intanet, ka fara lissafa haya da albashi da man janareta na wata 12 ba tare da ko kwabo ya shigo ba. In kuɗin da ke hannunka bai kai wannan ba, ajiye maganar ka koma kan sikirif ɗinka na gaba.